Kafin Ka Haramta Kati: Yadda Ake Gyara Dokar Wasa Ba Tare da Majalisa Ta Watse Ba

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar Whot ya san wannan rigimar. Ka ajiye biyu, na kusa da kai ya ɗora wani biyun a kai ya ce na gaba ya ɗebi huɗu, na gaban kuma ya rantse cewa a unguwarsu ba a tare biyu. Rigima ce mai sauƙi, domin daga kwali ɗaya aka raba wa kowa, babu wanda ya zo da nasa daga gida. A wasan Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993, abin ya wuce nan. Kowa da kuɗinsa yake sayen katunansa, ya zauna ya zaɓi 60 ya haɗa nasa damin, ya zo da shi a kara. Ranar da ka ce an hana wani kati, ba doka kaɗai ka taɓa ba, ka taɓa aljihun mutum da daren da ya raba yana lissafi.

Wannan jagora na wanda aka ɗora wa riƙon ƙaramar ƙungiyar 'yan wasa ne, mutum goma ko ashirin da ke haɗuwa duk mako, kuma aka fara kawo masa ƙarar cewa kati kaza ya ɓata wasa. Misalan daga tarihin Magic zan ɗauko su, domin masu shi sun shafe sama da shekara 30 suna wannan gyara a bainar jama'a, sun dace a wasu wuraren, sun kwafsa a wasu. Kalmomi biyu kafin mu shiga. Dami shi ne tarin katunan da mutum ya haɗa don wasa. Abin da ake biya kafin a buga kati kuwa sunansa mana a wasan, amma tun da mana tamu ta Hausa tana da aikinta, zan riƙa ce masa makamashi.

Mataki na farko: gano wane irin kuka ake yi

"Katin nan ya yi ƙarfi" magana ɗaya ce da ke ɓoye cututtuka uku. Ta farko, damin da ke ɗauke da katin yana cin wasa fiye da kima. Ta biyu, ba lallai yana ci ba, amma duk teburin da ka leƙa shi ne a kai, har wasan ya koma tuwon jiya miyar jiya. Ta uku, ba ya yawan ci, bai kuma cika wuri ba, amma zama a gabansa azaba ce. A 2013 an haramta katin Second Sunrise a rukunin Modern (wasan yana da rukunai, kowanne da katunan da aka yarda a yi wasa da su a cikinsa) musamman saboda wannan ta ukun: mai damin yakan shafe mintuna da yawa a zagaye ɗaya yana jujjuya katuna shi kaɗai, abokin karawarsa ya zuba tagumi, gasa duka ta tsaya ana jiran teburi ɗaya.

Sai ka tambayi mai ƙarar: wanne daga cikin ukun? Sau nawa ya same ka? Da wane dami kake wasa a lokacin? Tambayar ƙarshen nan tana kashe rabin ƙararraki tun a bakin ƙofa, domin sau da yawa mai kukan daminsa ne kawai ba ya jituwa da wancan, kamar kaza da shaho.

Mataki na biyu: buɗe littafi

Wanda aka ci yanzun nan ba shaida ba ne. Ka samu littafi, ko takarda a waya, ka riƙa rubuta abu huɗu bayan kowace karawa: damin da ya ci, damin da aka ci, wanda ya fara wasa, da zagayen da wasan ya ƙare. Kada ka rubuta sunan dami kaɗai, ka haɗa da sunan mai shi. Idan gwanin majalisarku ne ke riƙe da damin da ake kuka da shi, watakila ba katin ba ne, hannun ne. Gwajin wannan ba shi da wuya: a ba wani matsakaicin ɗan wasa aron damin na mako biyu, gwanin kuma ya riƙe wani.

Kuma kada ƙaramin adadi ya ruɗe ka. Ko da dami biyu ƙarfinsu daidai yake kamar an auna a sikeli, idan suka kara sau 10, yiwuwar wani takamaimai daga cikinsu ya ci 7 ko fiye ta kai kusan kashi 17 cikin ɗari, wato kamar sau ɗaya cikin shida. Ci bakwai cikin goma ba hujja ba ce, hasashe ne. A ce ku 12 ne, kowa yana karawa uku a zama, kuna da karawa 18 ke nan a mako, kuma kaɗan ne daga cikinsu za su shafi damin da ake zargi. Ka ba littafin wata guda ko makonni shida kafin ka buɗe baki.

Mataki na uku: bar mutane su nemi magani

Wannan shi ne matakin da shugabanni masu zafin kai ke tsallakewa. Daɗin wasan tara katuna shi ne idan dami ya yi sarauta, sauran su koma gida su haɗa abin da zai tumɓuke shi. Akwai katuna 15 na gefe da doka ta yarda a riƙa musanyawa tsakanin wasa da wasa, don irin wannan aka yi su. Idan ka yi saurin haramtawa, ka koya wa mutanenka cewa ƙorafi ya fi tunani riba, daga nan kuma ba za ka sake hutawa ba.

To yaushe za ka san magani ya gaza? Idan kowa ya cika gefensa da maganin dami ɗaya kuma damin bai daina ci ba. Mafi muni, idan maganin ya bar gefe ya shiga cikin ainihin katuna 60, har mutum ya yarda ya riƙe katin da ba shi da amfani a kan kowa sai dami guda. Haka aka gani a daminar 2019 da katin Leyline of the Void, wanda aikinsa hana katunan abokin karawa shiga makabarta, wato inda ake tara katunan da aka gama da su ko aka kashe. Mutane suka riƙa cusa shi a babban dami saboda tsoron wani kati mai suna Hogaak kaɗai, kuma duk da haka Hogaak na ci.

Mataki na huɗu: kama ɓarawon gaskiya

A nan ne aikin yake, kuma labarin Hogaak ɗin ya isa darasi. Hogaak, Arisen Necropolis ya fito a jerin Modern Horizons a watan Yunin 2019. Ƙaton mayaƙi ne mai ƙarfi 8 da kariya 8, ba a biyansa da makamashin da aka saba, sai da mayaƙan da ke fili da katunan da ke makabarta, kuma ko an kashe shi ana iya sake kiransa daga can. A hannun wanda ya iya, yakan sauka tun a zagaye na biyu. A watan Yuli masu kamfanin suka ce bari mu cire masa ƙafa ɗaya, suka haramta Bridge from Below, tsohon katin da ke taimaka masa, suka bar sabon. 'Yan wasa suka cike gurbin da wasu katuna, damin ya ci gaba da cin karensa babu babbaka. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Sai ranar 26 ga Agusta aka dawo aka haramta Hogaak ɗin kansa, bayan an ɓata wa mutane kusan wata biyu.

Akwai kuma inda ɓarawon ba ɗaya ba ne. A 2004 damin da ake kira Affinity ya mamaye rukunin Standard. An haramta Skullclamp a watan Yuni, damin bai ko girgiza ba, mutane suka fara ƙaurace wa gasa. A watan Maris na 2005 sai da aka cire katuna takwas a lokaci ɗaya: Arcbound Ravager, Disciple of the Vault, da katunan ƙasa shida da ke ba damin makamashi kusan kyauta. Waɗannan shidan su ne tushen, duk da cewa idan ka ɗaga ɗaya ka duba shi kaɗai za ka rantse ba ya cizo.

Yadda za ka yi a majalisarka shi ne, ka ɗauki damin ka baje shi a kan tabarma. Ka cire katin da ake zargi, ka sa mafi kusa da shi a gurbinsa, a buga wasa goma. Ka mayar da shi, ka cire na biyu da ake zargi, a sake. Wanda cire shi ya sa damin ya rage gudu da zagaye ɗaya ko biyu, shi ne naka. A nawa ganin, katin da ke buga bugun ƙarshe ba safai yake zama mai laifi ba, shi dai aka fi gani ne kawai. Ka fi sa ido a kan iri uku: mai ba da makamashi fiye da abin da aka biya shi, mai ba da damar jan katuna da yawa a arha, da wanda ake bugawa kyauta. Black Lotus, wanda aka taƙaita tun a Janairun 1994, ba ya kashe kowa. Ba a biyan komai a buga shi, shi kuma ya ba da makamashi uku nan take, shi ke nan laifinsa.

Mataki na biyar: zaɓi ƙaramar wuƙa da za ta iya yankan

Kayan aikin ba ɗaya ba ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi shi ne taƙaitawa. A ƙa'ida mutum na iya sa kwafi huɗu na kati ɗaya a dami. Mai kwafi huɗu cikin 60 yana da kusan kashi 40 cikin ɗari na ganin aƙalla ɗaya a katuna bakwai na farko. Idan aka mayar da shi kwafi ɗaya, abin ya sauko ƙasa da kashi 12. Da haka rukunin Vintage ke riƙe da tsofaffin katuna masu haɗari. Wasan Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami na Japan ya fi shi matakala: iyaka uku ce, ana iya sauko da kati zuwa biyu, ko ɗaya, ko babu. Illar taƙaitawa ita ce tana mayar da wasa caca: wanda ya yi sa'ar jan kwafinsa ɗaya tilo shi ya ci. Idan katin irin wanda ganinsa kaɗai ke gama wasa ne, taƙaita shi rage yawan ɓacin ran ne, ba rage zafinsa ba.

Sai haramtawa gaba ɗaya, wadda ba ta buƙatar bayani. Kowa ya gane ta, ba ta barin gardama a teburi.

Akwai hanyar maki, wadda ni na fi so ga ƙaramar ƙungiya. 'Yan rukunin Canadian Highlander, wanda ya taso a garin Victoria na Kanada, ba sa yawan haramta katuna masu ƙarfi. Kowane ɗaya ana ba shi maki, kowane dami kuma ba zai wuce maki 10 ba. Mai katin tsada bai yi asara ba, sai dai dole ya zaɓa, ba zai haɗa duka a tukunya ɗaya ba. Aikinta dai yana da yawa, domin sai an riƙa sake duba makin.

Canja abin da aka rubuta a jikin kati kuwa, ka guje shi in dai katin takarda ne. Wasannin kwamfuta irin Hearthstone suna yin haka cikin dare ɗaya, kowa ya wayi gari katinsa ya canja. A takarda, kati zai ce abu kaza, doka ta ce wani abu daban, kuma duk baƙon da ya zo sai an yi masa wa'azi.

Babbar wuƙa ita ce canja dokar wasan kanta, kuma ba a zare ta sai idan cutar ta kama dangin katuna gaba ɗaya. A Afrilun 2020 jerin Ikoria ya zo da katuna goma da ake kira Companion. Idan daminka ya cika wani sharaɗi, katin yana zaune a gefe tun farkon wasa, ka kira shi duk lokacin da ka ga dama. Wato kowa na farawa da bakwai, kai kana farawa da takwas, na takwas ɗin kuma ka san shi tun daga gida. Taƙaitawa ba ta da amfani a nan, tun da dama kwafi ɗaya ake buƙata. Shi ya sa a watan Mayu aka haramta ɗaya daga cikinsu, Lurrus of the Dream-Den, a Vintage, rukunin da ko Black Lotus ba a haramta ba. Ranar 1 ga Yuni kuma aka canja dokar duka goman: sai ka biya makamashi uku kafin katin ya shigo hannunka, sannan ka biya kuɗinsa ka buga. Dalilin ya fito fili, ba kati ɗaya ne ya lalace ba, tsarin ne.

Amma ka sani, dokar da ka taɓa za ta taɓa katunan da ba ka da su a rai. A gyaran dokokin 2009 an canja yadda ake lissafin raunin faɗa. Akwai ɗan ƙaramin kati, Mogg Fanatic, mai ƙarfi 1, wanda ake iya sadaukar da shi ya yi wa wani rauni 1. A tsohuwar doka yakan kai bugunsa, sannan kafin ya mutu a sadaukar da shi ya ƙara ɗaya, ya kayar da mai kariya 2. A sabuwa sai dai ka zaɓi ɗaya. Babu wanda ya kai ƙarar Mogg Fanatic, ba a canja ko harafi a jikinsa ba, amma darajarsa ta faɗi. Don haka kafin ka canja doka, ka sa kowa ya bi daminsa kati-kati ya faɗi abin da sabuwar za ta ƙara wa ƙarfi ko ta rage.

Mataki na shida: gwada, kuma duba wanda ke jiran gado

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar sake rabo da ake amfani da ita yanzu, wadda mutum zai mayar da hannun da bai yi masa ba, ya ja sabbin bakwai, sannan ya tura ɗaya ƙasan dami a kan kowace sakewa, sai da aka gwada ta a babbar gasa a Landan a Afrilun 2019, aka duba sakamako, sannan ta zama doka a watan Yuli. Ta gabanta ma an fara gwada ta ne a gasar Vancouver a 2015. A ɗaya ɓangaren kuma ga katin Nadu, Winged Wisdom na 2024: biyar daga cikin takwas ɗin da suka kai matakin ƙarshe a gasar Amsterdam da shi suka zo, aka haramta shi a Modern a watan Agusta, kuma jagoran masu tsara jerin da katin ya fito a ciki, Michael Majors, ya fito ya amsa cewa an canja katin a ƙurarren lokaci, siffarsa ta ƙarshe ba ta sha gwaji ba.

Kai ma ka ware zama biyu ko uku na gwaji, ka faɗa tun farko cewa gwaji ne, sakamakonsa ba ya shiga lissafin gasa. Abin da za ka fi zuba wa ido shi ne wanda ke matsayi na biyu a littafinka. Sau da yawa sarkin da kake shirin tuɓewa shi ke danne wani da ya fi shi mugunta. A Oktoban 2019 an haramta Field of the Dead a Standard, sai fili ya zama na Oko, Thief of Crowns, kati mai makamashi uku da ke mayar da duk abin alfaharin abokin karawa barewa mai ƙarfi 3. A gasar Richmond a watan Nuwamba kusan kashi 70 cikin ɗari na damunan da aka zo da su suna ɗauke da shi. Ranar 18 ga watan aka haramta shi ma. An gudu ba a tsira ba. Idan gwajinka ya nuna haka, gara ka cire biyun rana ɗaya da ka riƙa yanka mutane kaɗan-kaɗan.

Mataki na bakwai: sanarwa

Hukunci mai kyau yana iya rusa ƙungiya idan aka isar da shi ba daidai ba. Ka tsayar da ranakun duba doka, misali Asabar ta farko bayan kowane wata uku, kowa ya sani, don kada mutum ya sayi kati yau gobe ka kashe shi. Ka bar ƙofar gaggawa, amma kada ta zama ƙofar shiga gida. A Afrilun 2017 an sanar ranar 24 cewa babu canji a Standard, ranar 26 kuma aka dawo aka haramta Felidar Guardian. Hukuncin daidai ne, amma ka tuna da wanda ya ji sanarwar farko ya je ya sayi damin a tsakanin kwana biyun.

Idan ka tashi sanarwa, ka kawo littafin: ga yawan karawar, ga abin da ya ci, ga maganin da aka gwada, ga abin da ya sa muka zaɓi wannan katin ba wancan ba. Kada ka ambaci sunan mai damin a matsayin mai laifi, shi dokar da ya tarar ya bi. Ka same shi kai da shi kafin kowa ya ji. Idan kuma kai ma kana wasa a gasar, kada ka yanke kai kaɗai, a samu mutum uku, wanda hukuncin zai amfani daminsa ya janye daga ƙuri'a.

Maganar kuɗi kuwa kada ka yi kamar ba ka gan ta ba. Ranar 23 ga Satumban 2024 kwamitin sa-kai da ke kula da dokokin rukunin Commander ya haramta katuna huɗu, ciki har da Mana Crypt da a lokacin ake sayarwa sama da dala 100. Farashi ya rikito, wasu suka fusata har da yi wa 'yan kwamitin barazana, kuma mako guda bayan nan kwamitin ya miƙa ragamar rukunin ga kamfanin. Babu abin da zai halatta barazanar, amma da an daɗe ana gargaɗin cewa katunan nan suna kan siraɗi, da zafin bai kai haka ba. A majalisarka ka riƙe jerin katunan da ake sa wa ido, ka bayyana shi. Wanda hukunci ya faɗa wa kuma a rage masa asara: a ba shi aron dami na wata guda, ko a yarda ya yi amfani da kwafin hannu na katunan da yake shirin saya, ko a ware zama ɗaya a wata da babu haramci, ya fito da abinsa ya more.

Mataki na takwas: koma ka duba tsofaffin fursunoni

Duk ranar duba doka, ka fara da jerin waɗanda aka haramta kafin ka saurari sabuwar ƙara. Katuna sabbi suna fitowa, abin da ya gagara jiya yau yana da magani. Jace, the Mind Sculptor, wanda aka kora daga Standard a 2011 kuma aka hana shi shiga Modern tun kafuwar rukunin, an sake shi a can a Fabrairun 2018, mutane suka yi ta fargaba, ya shigo ya zauna lafiya. Lurrus ma an sake shi a Vintage a Fabrairun 2021, bayan dokar makamashi uku ta rage masa kaifi. Ka riƙa sakin ɗaya-ɗaya, don idan abu ya lalace ka san wanda ya lalata, kuma ka faɗa tun ranar sakin cewa beli ne, ana iya mayar da shi. Golgari Grave-Troll an sake shi a Modern a Janairun 2015, ya yi shiru na wani lokaci, sai sabbin katunan 2016 suka ba shi abokan aiki a makabarta, a Janairun 2017 aka mayar da shi inda ya fito.